Shekarar da Muka Nemi Gida da Ƙafafunmu

Hadiza, Bashir, Nafisa, ina so ku ji daga bakina yadda muka sami gidan nan na Bukan Sidi, domin labarin ya daɗe yana yawo a cikin dangi, kowa da irin nasa. Wasu sun ce da auduga da bandeji na yi wa wata tsohuwa wayo har ta sakar mana gidanta. Wasu sun ce ƙyashin la'ada ne ya sa na shiga tsakanin babanku da yayansa. A lokacin babu ɗayanku a gari. Ke Hadiza kina ɗakin mijinki a Keffi, kai Bashir kana hidimar ƙasa, ke kuma Nafisa kina makaranta, sai abin da kuka tsinta ta waya. To ga yadda aka yi.

Shekarar da na ajiye aikin asibiti ce, bayan na shafe sama da shekara talatin ina karɓar haihuwa a garin Lafiya. Babanku ya riga ni ajiye nasa aikin na malamin gona. Duk tsawon zamanmu a haya muka yi shi, sau biyar muna kwashe kaya daga wannan unguwa zuwa waccan, har muka ƙare a ciki biyu da falo a Sabon Pegi. Da kuɗin sallamata ya fito, muka haɗa da nasa, ya kuma sayar da 'yar gonarsa ta Adogi. Wannan shi ne guminmu gaba ɗaya, in ya tafi babu wani a bayansa. Babanku ya ce ba shi da sauran ƙarfin bin magina da masu kai yashi, ga siminti kullum da sabon farashi, gara mu sayi ginannen gida mu shiga.

Ba sai an tambayi wanda zai nemo mana ba, domin kawunku Sale dillalin gidaje ne da kowa ya sani a gari. Shi ya riƙe babanku bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya je nema masa aurena. Har na yi furfura bai daina ce mini Amarya ba. Kuma ina so ku riƙe wannan: kawunku ba macuci ba ne. Kwana uku ya yi yana zagayawa da mu, makullai cike da aljihun babbar rigarsa. Sai dai shi da sauri yake komai. Zai tsaya a tsakiyar falo ya nuna mana silin da tayil, ya faɗi wanda ya gina da wanda ya taya, ni kuwa da na nufi madafi ko bayan gida sai in ji muryarsa daga waje yana cewa in fito akwai wani a gaba. A rana ta uku ya kai mu wani gida a gangaren rafin Amba, sabon fenti fari tas, babanku har ya fara murmushi. Na ga wata mata tana shanya a maƙwabta, na matsa muka gaisa. Ta buɗe baki ke nan ta ce, “Ai mu nan in damina ta yi nisa…” sai Yaya Sale ya danna hon, ya ce ba a jin maganar gida a bakin maƙwabta, hassada ce ke cinsu.

Da yamma bayan la'asar muna zaune a ƙofar ɗaki muna ɓarar agushi, na ce da babanku:

“Malam, ni dai so nake mu nemi gidan nan da kanmu.”

Ya ɗaga kai ya dube ni. “Da kanmu? Yaya fa?”

“Yaya sana'arsa yake yi, gidan da aka ba shi ya sayar shi zai nuna mana. Ni kuwa shekara talatin ina shiga gidajen mutane. Ba a falo ake sanin gida ba. Ina so in ga inda ruwan wanka ke bi, in ji wa ke bayan katanga, in zauna in ji ko iska na shiga. A nan za mu tsufa, Malam. Ba na so in zaɓi inda zan mutu cikin minti goma ana danna mini hon.”

Ya daɗe yana juya ƙwayar agushi a hannunsa. Sannan ya ce, “Kin san abin da wannan zai jawo?”

Na ce na sani. Gaskiya kuwa rabi kawai na sani.

Ban yarda ya je shi kaɗai ba, tunda daga bakina maganar ta fito. Muka sami Yaya Sale a zaurensa, babanku ya durƙusa ya yi bayani da duk ladabin da ya iya, har ya ce la'adarsa tana nan ko da mu muka samo gidan. Wannan kalmar ce ta ɓata komai. Yaya ya ajiye carbinsa a kan tabarma ya ce:

“Usman, ni za ka yi wa maganar la'ada? Da na kai ka makaranta la'ada na karɓa?” Sai ya juyo wurina. “To Amarya, yau kin zama dillaliya. Allah Ya ba da sa'a.”

Daga ranar ya daina biyowa ta gidanmu bayan sallar Juma'a, abin da bai taɓa fashi ba tun aurenmu. Kowace Juma'a sai in ga babanku ya shimfiɗa tabarma biyu da mantuwa, ya koma ya naɗe ɗaya.

Muka fara nema da faɗuwar ruwan farko. Ni ba ni da makullai, amma ina da mata. Babu unguwar da ban karɓi haihuwa a cikinta ba, daga Tudun Gwandara har Shabu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, mai kitso, mai ƙosai, mai sayar da itace, matar liman da matar fasto, na ce duk wadda ta ji ƙishin-ƙishin ana son sayar da gida ta kira ni. Babanku kuma ya kawo tasa dabarar ta manoma. Ya ce ƙasa ba ta ɓoye halinta bayan ruwa, don haka duk ranar da aka tafka ruwan sama, da ya ɗauke za mu fita. Ya wanke tsohon babur ɗinsa, ya sa masa sabuwar taya, ni kuma na sayi takalmin roba irin na masu zuwa gona.

'Ya'yana, ban taɓa jin daɗin wata damina kamar wannan ba. Tun muna saurayi da budurwa rabon da in hau bayan babanku mu fita babu mai jiranmu. Yana tuƙi yana waƙe-waƙen da ban san ya iya ba, in mun faɗa rami ya ce laifin nauyina ne. Mu tsaya a bakin hanyar Doma mu ci gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, mu yi musu a kan gidan da muka gani kamar mun riga mun saya. Duk gidan da muka shiga sai an yi ihu, “Sista ce! Sista ce!” a jawo wani ƙato mai gemu a ce, “Ga wanda kika karɓa ranar da aka ɗauke wuta, gaishe ta.” Mukan dawo da doya da ƙwai da riɗi ɗaure a bayan babur, har babanku ya ce in ba mu sami gida ba ai mun sami sana'a.

Fitarmu ta farko bayan wani ruwa mai ƙarfi, na ce mu koma farin gidan nan na gangaren Amba. Muka tarar ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, agwagin maƙwabta suna iyo a ƙofar falo. Matar nan mai shanya ta gan mu ta kama dariya har da riƙe ciki. Babanku ya ce kada in kuskura wannan maganar ta kai kunnen Yaya, domin shi ma da rani aka nuna masa gidan, bai sani ba. Ban faɗa wa kowa ba sai yau da nake rubuta muku.

Ba duka ne daɗi ba. Ke Hadiza kin tuna hoton da kika turo mini ta waya, gida mai furanni da baƙin get? Mun bi kwatancen har bayan tashar mota, muka tarar da kango awaki na kwance a ciki, wanda ya sa hoton kuma ya ce sai mun tura masa kuɗin dubawa kafin ya fito. Akwai kuma wani a Tudun Kauri da muka kusa saya. Gidan gado ne, 'yan'uwa uku suka zauna da mu, magana ta yi daɗi. Da za mu tafi na tsaya gaida wata tsohuwa mai surfe a maƙwabta, ta tambaye ni ko mun ji ta bakin na huɗun da ke Jos. Mu ba mu ma san da na huɗu ba. Babanku ya nemi lambarsa ya kira shi, mutumin ya ce gidan ubansa sai dai a sayar bayan ransa. Da mun biya, da yanzu muna kotu.

Wata huɗu muna wannan yawo. Gwiwar babanku ta fara ciwo, kuɗinmu na ajiye amma kullum darajarsa raguwa take, gidan da muka taya da farkon damina ya fi ƙarfinmu kafin masara ta nuna. Wata safiya yana shafa man zafi a gwiwa ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Rabi, ko dai mu koma mu ba Yaya haƙuri?”

 Na shiga madafi na zauna a kan turmi, na ji tsoro ya kama ni karo na farko. Na raba mutum da ɗan'uwansa, ga shi ba gida ba dalili.

A makon ne Talatu mai gishiri ta zo. Mutuniyar Keana ce, gida-gida take bi da gishirin garinsu a kwano, ni na karɓi tagwayenta. Ta sauke kwanon ta sha ruwa, ta ce:

“Sista, akwai wani gida a Bukan Sidi. Ba a rubuta komai a bango ba, kuma in kin je da maganar saye za a kore ki. Mai gidan tsohuwa ce, Mama Asabe. Dillalai huɗu ta kora, na ƙarshen da tsintsiya. Amma ni na san tana son komawa garinsu.”

Washegari muka tafi ni da Talatu a keke mai ƙafa uku. Daga titi ba abin kallo ba ne, tsohon kwano ya yi ja, katanga ta bulo ba filasta. Da muka shiga sai na ji sanyi ya sauko mini. Ɗakuna huɗu a jere, tsakar gida mai faɗi an share ta tas, mangwaro biyu sun haɗe kai a sama, ga lemo ga gwanda. A kusurwar da ke kallon titi akwai rijiya, mata uku suna jan ruwa suna hira kamar gidansu. Mama Asabe na zaune a kan kujerar katako, ƙafarta ɗaya a kan bokiti an naɗe da tsumma. Bamigiliya ce a ƙabila, daga Agyaragu, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu da daɗewa. Hausarta irin ta mutanenmu na nan ce, “kai” take ce wa mace da namiji.

“Kai ne Sista da Talatu yana faɗi? Me ya kawo ka?”

Talatu tana ƙifta mini ido, amma ban iya kwana-kwana ba. Na ce, “Mama, gida nake nema ni da maigidana, an ce mini wataƙila za ki sayar.”

“Ba na sayarwa.”

Na ce to, Allah Ya bar mu da zumunci. Na miƙe zan tafi, sai warin ƙafar ya buge ni, warin da duk wanda ya yi aikin asibiti ya sani. Na nemi izini na kwance tsumman. Gyambo ne a ƙaurinta, ya fi wata uku, tana zuba masa toka da man ja. Na ce mata wannan ba na wasa ba ne, gobe zan dawo da kayan wanki, kuma sai ta je asibiti an auna sukarinta. Ta ce in don gida ne kada in wahalar da kaina. Na ce maganar gida ta mutu tun da ta ce a'a.

Mako shida ina zuwa duk bayan kwana biyu. Ba zan yi muku ƙarya ba, duk shigar da na yi sai na saci kallon mangwaron nan raina ya biya. Amma ban sake furta kalmar gida ba, kuma ba mu daina neman wani ba, har mun fara magana da wani mai gida a hanyar Shandam. Da ta hana ni har ƙarshe, da na wanke ƙafar har ta warke, domin aikina ke nan tun kafin a haife ku. Ina wanki tana ba ni labari. Ita da mijinta suka haƙa rijiyar a shekarar da aka yi ƙarancin ruwa, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara. Gida goma sha wani abu ke sha daga cikinta, Musulmi da Kirista. 'Ya'yanta sun watse, babban, Bitrus, yana Abuja. Tana so ta koma Agyaragu kusa da ƙanwarta da kabarin mijinta. Amma duk wanda dillali ya kawo, da awo yake zuwa, yana lissafin ɗakunan haya nawa za su fita in an sare itatuwa an cike rijiya.

Ranar da na cire bandeji na ƙarshe, ta taka ƙafar ta zagaya tsakar gida sau biyu, ta dawo ta zauna ta ce:

“Sista, gobe ka kawo mijinka in gan shi.”

Babanku ya sa farar rigarsa ta Juma'a kamar mai zuwa neman aure. Muna shiga, kafin ma a gama gaisuwa, idonsa ya faɗa kan bishiyar lemon. Ya manta da abin da ya kawo mu. Ya je ya juya ganyen, ya kankare bawon da farce, ya ce ƙwari ne suka kama ta, amma za ta tashi in an rage mata rassa. Ya dubi mangwaron ya ce wannan aure aka yi masa, wato an haɗa shi da reshen wani irin, wa ya yi? Mama ta ce mijinta. Ya ce hannun mutumin nan na da kyau. Sai na ga tsohuwa ta sa bakin zane tana share ido. Suka yi kusan awa guda suna maganar itatuwa, ni da Talatu muna zaune kamar baƙi.

Daga nan ta ce za ta sayar mana, amma da sharaɗi ɗaya: rijiya ba za a rufe wa unguwa ba, ko bayan ranta.

A nan fuskar babanku ta canza. Ku ba ku sani ba, amma burinsa tun yana aiki shi ne ya buɗe ɗan shagon iri da taki, ya zauna manoma na zuwa yana ba su shawara. Tun shigowarmu ya riga ya ga inda shagon zai zauna, wato kusurwar nan mai kallon titi, daidai inda rijiyar take. Ga kuma maganar sutura, gidan da kowa zai riƙa shigowa da bokiti tun asuba. Ya ce a ba shi kwana biyu. Kwana biyun nan ban ce masa komai ba, domin na riga na ci nawa rabon na yanke hukunci. A rana ta uku da safe yana shan kunu ya ce:

“Za mu ja 'yar katanga mu ware rijiyar, mu fasa mata ƙofa ta titi. Su sami ruwansu, mu sami suturarmu.”

“Shagon fa, Malam?”

“Shago ai ko'ina ana samu. Ruwan da mutane suka saba sha shekara arba'in, ba ni zan zama wanda ya toshe shi ba.”

Bai taɓa buɗe shagon ba, kun sani. Wani lokaci nakan gan shi tsaye yana kallon kusurwar, amma ban taɓa jin ya yi da-na-sani da baki ba.

Sai maganar farashi, a nan ne na gane amfanin dillali. Mun zauna a ƙarƙashin mangwaro, mu uku da Talatu ta huɗu, kowa na jin kunyar ya fara. Mama ta ce mu taya, babanku ya ce a'a mai kaya ke faɗi. Aka koma maganar ruwan sama, aka dawo, aka sake komawa maganar doya. Da Talatu ta gaji ta ce ita gishirinta na jiranta, Mama ta raɗa mata farashinta a kunne, Malam ya raɗa mata nasa a ɗayan kunnen. Ta saurari wannan, ta saurari wancan, sai ta fashe da dariya ta ce tsakaninsu bai kai kuɗin akuya biyu ba, a raba biyu kowa ya huta. Haka aka yi. Kafin ranar kuwa mun riga mun tambayi abin da aka sayar da gidaje uku a layin, Bitrus ma ya yi nasa binciken, don haka babu wanda ya cuci wani.

Takardu ne suka kusa tsufar da mu. Abin da dillali zai yi da waya ɗaya, mu sai da muka yi sawu biyar a ma'aikatar filaye kafin aka fito da fayil aka tabbatar da sunan mijin Mama ne a kan takardar mallaka, kuma ba a jinginar da gidan ko'ina ba. Darasin Tudun Kauri ya sa na ce sai duk 'ya'yanta sun sa hannu, mata da maza, har wadda ke aure a Makurdi. Muka je wurin mai unguwa, muka ɗauki lauya ya rubuta yarjejeniya, aka sa maganar rijiya a ciki baƙi da fari.

Saura kwana uku a sa hannu, babanku ya shirya ya tafi wurin Yaya Sale shi kaɗai. Ya ce masa ba dillali ya zo nema ba, uba ya zo nema wanda zai tsaya masa shaida. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar sa hannu mun taru da hantsi, mai unguwa, lauya, Bitrus, liman da wani dattijon cocin su Mama. An buɗe takardu ke nan sai muka ji sallama. Yaya Sale ne da babbar rigarsa. Bai zauna ba. Ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, ya karɓi taswirar filin daga hannun lauya, ya fita bayan gida. Can ya kira mu. Ya nuna mana dutsen iyaka na kusurwar gabas, wanda ya kamata ya kasance a jikin katanga, sai ga shi taku uku a cikin gonar rogon maƙwabci. Mu duk yawonmu ba mu lura ba, lauya ma bai fita daga inuwa ba. Aka kira maƙwabcin, mutumin kirki, ya ce shi ma haka ya gada, bai san ya shiga ba. A gaban mai unguwa aka daidaita, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Da ba don kawunku ba, da wannan rigimar ku za ta tarar wata rana.

Da aka shafa fatiha, ya zo inda nake tsaye ya ce:

“Amarya, gidan ya yi. Ni da ba zan same shi ba, don tsohuwar nan ni ne na biyu da ta kora.”

Mama Asabe ta ce, “Na uku ne kai.”

Aka kwashe da dariya har da shi. Babanku ya bi shi waje da ambulan, ya ƙi karɓa. Ya dawo zuwa gidanmu bayan wannan, amma sai da Sallah ko in an yi haihuwa. Zaman Juma'ar nan bai dawo ba har Allah Ya karɓi ran Yaya. Wannan shi ne abin da shawarata ta ci, kuma babanku ne ya biya fiye da ni. In kun je gaida iyalan kawunku, ku je da hannu biyu.

Mun tare bayan kaka, da katangar rijiya ta bushe. Rana ɗaya aka yi fitar Mama da shigarmu. Motar a-kori-kura da ta kawo kayanmu ita ta ɗauki nata, turmi da tukwane da awaki biyu a baya. Matan cocinsu suka zo da kayansu iri ɗaya suna waƙa, matan unguwa suka dafa shinkafa a tsakar gida, liman ya yi addu'a, Talatu ta juye mana gishiri cike da kwano ta ce na tarewa ne. Mama ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ta fito ta damƙa mini makullai a tafin hannu, ta riƙe hannun ta ce in mangwaro ya nuna a aika mata na bishiyar hagu, ya fi zaƙi. Shekara shida muna aika mata, babanku da kansa yake kaiwa Agyaragu a babur.

Da mota ta tashi, mutane suka watse, muka rage mu biyu a cikin kaya. Ina jera kwanuka sai na ga babanku ya fito da guduma da ƙusa da agogon bangon da aka ba shi ranar ajiye aiki. Agogon nan shekara biyu yana cikin kwali, domin mai gidanmu na Sabon Pegi ya hana a buga ko allura a bangonsa, haka ma waɗanda suka gabace shi. Ya shiga falo ya ɗora ƙusa a bango, ya ɗaga guduma, sai ya tsaya ya waiwayo.

“Rabi, wa zan tambaya?”

Na ce, “Tambayi mai gidan.”

Ya yi gyaran murya, ya dubi bango ya ce, “Malam Usman, a buga?” Ya canza murya ya amsa wa kansa, “A buga!”

Ya buga ta har ta nutse, ya rataya agogo. Sannan ya zaro wata ƙusar daga aljihu ya buga a gefe, ya ƙara wata, ba abin da zai rataya a kansu. Ina tsaye a bakin ƙofa da murfin tukunya a hannu ina dariya har hawaye na zuba, shi kuma dattijo mai shekara sittin da biyu yana ta bugu, sai da ƙusoshin aljihunsa suka ƙare.